A bar baki ya huta tsakanin ci da ci

Duk sanda aka tada zancen abincin da ke gyara haƙori, abin da mutane ke son ji jeri ne: ci cuku, sha madara, tauna karas, shi ke nan ka tsira. Jerin gaskiya ne, kuma zan yi bayaninsa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke damuna shi ne yadda ake gabatar da shi, kamar dai aikin mutum shi ne ya ƙara wani abu a kan abin da ya saba ci, sauran ya barsu yadda suke. Ra'ayina shi ne abinci mai kyau yana taimakon haƙori ne idan an bar masa fili ya yi aiki, kuma a yau wannan filin ne aka cinye. Baki ba ya samun hutu daga safe har dare. Laifin kuma ba na mai bakin ba ne shi kaɗai.

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto kan lafiyar baki, inda ta ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 3.5 na fama da wata cuta ta baki, wato kusan rabin mutanen duniya. Kimanin biliyan 2 na da ruɓaɓɓen haƙori na girma wanda ba a yi wa magani ba, yara miliyan 514 kuma haƙoransu na nono ne suka ruɓe. Ciwon dasashi mai tsanani ya kama kusan mutum biliyan 1. Da wata cuta ce daban ta kama rabin duniya, da an daɗe ana taruka a kanta. Amma ciwon haƙori mun ɗauke shi kamar ƙaddarar da kowa sai ya ɗanɗana: a sha maganin kashe zafi, a jure, in ya yi ƙamari a cire.

Sai mutum ya san abin da ke faruwa a cikin baki kafin zancen abinci ya yi masa ma'ana. Farin rufin da ke saman haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, kalsiyam da fosfet. Taurin nan bai hana shi rauni guda ba: tsami na narkar da shi. A jikin haƙori kuwa kullum akwai wata dauɗa mai yauƙi, wadda harshe ke ji da safe kafin a goge baki, cike take da ƙwayoyin bakteriya. Abincinsu sukari ne, abin da suke fitarwa bayan sun ci kuma asid, wato tsami. Tun 1890 wani likitan haƙori Ba'amurke da ke aiki a Balin, Willoughby Miller, ya yi wannan bayani. A shekarun 1940 wani masani, Robert Stephan, ya auna abin da ido: a ma'aunin tsami da ake kira pH, baki a huce yana wajen 7, amma 'yan mintuna bayan sukari ya shiga sai awon dauɗar ya faɗo ƙasa da 5.5, wanda shi ne iyakar da rufin haƙori ke fara zubar da ma'adininsa. Kafin ya koma daidai sai an yi rabin awa, wani lokaci har awa guda.

Mai mayar da shi daidai shi ne yawu. Jikin babban mutum na samar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a rana, kuma ba ruwa ba ne kawai. Yana wanke ragowar abinci, yana kashe kaifin tsami, yana ɗauke da kalsiyam da fosfet da yake mayarwa inda suka zube. Kamar magini ne da ke bin bango da yaɓe bayan an ɗauke ruwa: in aka yi masa rana zai gama, in kuwa ruwan ya riƙa dawowa kafin yaɓen ya bushe, bangon zai ci gaba da zaizayewa komai ƙwarewarsa.

Ɗauki mutum biyu. Na farko ya ci abincin rana, ya biyo da wani abu mai zaƙi a zama ɗaya, ya kora da ruwa, ya tashi. Tsami ya taso sau ɗaya, yawu ya kwantar da shi, baki ya sami awa uku ko huɗu yana gyara. Na biyu yana zaune a wurin aiki da kofin shayi mai sukari a gefensa. Ya kurɓa, ya ajiye, ya duba takarda. Bayan minti goma ya sake kurɓa. Shayin ya huce, bai fasa ba. Kofin ya ƙare, ya jefa minti a baki yana tsotsa, can an jima wani ya miƙo masa biskit. Wataƙila sukarin da ya shiga cikinsa bai kai na mutumin farko ba, amma haƙoransa sun wuni jiƙe cikin tsami. Ko da wannan mutum zai ci cuku da karas kowane dare, ba za su biya masa bashin wunin ba.

An tabbatar da wannan ta wata hanya mai muni, wadda bai kamata a ambata ba tare da an yi Allah wadai da ita ba. A asibitin Vipeholm da ke birnin Lund na ƙasar Suwidin, daga 1945 zuwa farkon shekarun 1950, an yi gwaji a kan mutane sama da 400 masu naƙasar ƙwaƙwalwa, waɗanda ba su da ikon cewa eh ko a'a. An raba su rukuni-rukuni. Wasu aka ƙara musu sukari a lokacin cin abinci, wasu aka riƙa ba su alawa mai danƙo tsakanin abinci da abinci, har guda 24 a rana. Masu shan sukari tare da abinci ruɓewar haƙoransu ta ƙaru kaɗan. Masu alawa mai danƙo kuwa haƙoransu suka lalace matuƙa, da gangan, a gaban idon likitoci. Daga wannan ne Suwidin ta ɗauki shawarar da har yau iyalai da yawa ke bi a can, ta barin yara su sha alawa ranar Asabar kaɗai. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa yawan sukarin shi ma yana da nasa tasirin, ba yawan lokutan kawai ba, don haka kada wani ya ɗauka an ba shi lasisin cika ciki da zaƙi muddin a zama ɗaya ne. Amma darasin farko yana nan daram.

To, mu zo kan abincin da ke taimakawa, domin akwai shi.

A gaba zan sa cuku, da madara da yogot waɗanda ba a zuba wa sukari ba. Suna da kalsiyam da fosfet, kuma furotin ɗin da ke cikinsu na taimakawa wajen riƙe waɗannan ma'adinai a jikin haƙori. Sukarin da ke cikin madara tun asali shi ne mafi ƙarancin illa ga haƙori a cikin dangin sukari. Ɗan yankin cuku a ƙarshen cin abinci na tsinko yawu, yana kuma ɗaga awon tsamin baki da sauri. Wannan ne ya sa nake ganin abin da mutum ya rufe cin abinci da shi ya cancanci a kula da shi kamar yadda ake kula da abincin kansa. Gyaɗa da danginta marasa rufin sukari su ma haka: sai an tauna, ba su da abin da bakteriya za su mora sosai. Ƙwai, kifi, nama da wake ba sa ciyar da masu ruɓar da haƙori. Kayan lambu masu garas-garas irin karas, kokwamba da kabeji suna sa muƙamuƙi aiki, aikin muƙamuƙi kuwa shi ke buɗe famfon yawu. Har cingam marar sukari ma amfaninsa ke nan bayan cin abinci. Shayi tsura, ba sukari, yana ɗauke da ɗan fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa rufin haƙori, sai dai yana iya rina haƙori. Sai ruwa, wanda ba a cika sa shi a jeri ba don ba mai tallarsa da sunan gyaran haƙori, alhali shi ne abin sha guda da za a kurɓa sau ɗari a wuni ba tare da an tada tsami ba.

Amma a faɗi iyakar abin. Ana yawan cewa tuffa buroshi ce da Allah ya halitta. Ba haka ba ne. Dauɗar da ke jawo matsala tana maƙale ne a tsakanin haƙora da kuma gefen dasashi, inda tauna ba ta kaiwa. Tuffa abinci ce mai kyau, ta fi alawa nesa ba kusa ba, amma wanda ya ci ta ya kwanta bai goge baki ba. Haka kuma babban mutum ba zai sha madara ta bi jini ta je ta cike masa kogon haƙori ba. Ƙwayoyin halittar da ke gina rufin haƙori suna gama aikinsu su tafi kafin haƙorin ya ɓullo. Daga nan gyara ta waje ake yi, ta yawu da fuloraid, kuma yana yiwuwa ne tun abin yana farin tabo. In rami ya buɗe, sai likita.

Inda abinci ke gina haƙori da gaske shi ne tun ran gini, tun ran zane. Tsiron haƙoran jariri na farawa wajen mako na 6 na ciki. Turamen farko na girma suna fara ƙanƙarewa kusan lokacin haihuwa, su ɓullo wajen shekara 6, can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Saboda haka iyaye da yawa ke ɗauka na nono ne, za su fita su ba wasu wuri, sai a bar su su ruɓe, alhali su ne yaro zai tauna da su har tsufa. A waɗannan shekarun kalsiyam da furotin da bitamin D ke da muhimmanci: madara, ƙwai, wake, ganyaye, ƙananan kifayen da ake ci da ƙashinsu, da hasken rana, wanda fata ke amfani da shi wajen haɗa bitamin D, shi kuma ya taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam. Ciyar da mai ciki da ƙaramin yaro abinci mai gina jiki aikin likitan haƙori ne da ake yi shekaru kafin a buƙaci likitan. Akwai wata magana da ake yi a ƙasashe da yawa, wai jariri na zuƙe kalsiyam daga haƙoran uwa, shi ya sa kowace haihuwa ke tafiya da haƙori. Haƙori ba ya bayar da ma'adininsa ta wannan hanya. Abin da ke faruwa shi ne canjin sinadaran jiki na sa dasashi saurin kumbura, amai na kawo tsamin ciki zuwa baki, kwaɗayi kuma na sa yawan ciye-ciye. Duka ukun ana iya kiyaye su, kuma ba daidai ba ne a sa mace ta sallama haƙoranta a matsayin kuɗin haihuwa.

Dasashi kuwa nama ne mai rai, jini na ratsa shi, don haka abin da aka ci yana isa gare shi kai tsaye. Bitamin C ne jiki ke amfani da shi wajen haɗa zaren da ke riƙe nama da jijiyoyin jini. In ya yi ƙaranci sosai, dasashi kan kumbura, ya yi ta zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi. Wannan ciwon ya kashe matuƙan jiragen ruwa masu ɗimbin yawa a ƙarnonin baya. A 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya ɗauki majinyata 12 ya raba su bibbiyu, kowane rukuni da abin da ake ba shi. Biyun da aka ba lemon zaƙi da lemon tsami su suka farfaɗo cikin 'yan kwanaki. Duk da haka sai 1795 rundunar ta fara raba ruwan lemon tsami ga matuƙanta a kai a kai. Yau abin bai da wuya: lemu, gwaiba, tumatir, tattasai, ganye, musamman in ba a dafa su sun yi lugub ba, domin zafi na lalata wannan bitamin. Sai dai mafi yawan masu ganin jini a buroshi ba ƙarancin bitamin ke damunsu ba, dauɗa ce ta taru a gefen dasashi. Kuskuren da ake yi shi ne a daina goge wurin don yana jini, alhali shi ya fi buƙatar gugar, a hankali. Mai ciwon sukari ya ƙara kula, domin ciwon dasashi da ciwon sukari kowanne na rura wutar ɗan'uwansa. Mai shan taba kuma dasashinsa kan ɓoye jinin yayin da cutar ke cin ƙashin da ke riƙe haƙori.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba alawa ba ce, kowa ya san alawa. Abubuwan da ke zuwa da rigar lafiya su ne. Ruwan 'ya'yan itace da aka matse, ko da ba a ƙara masa komai ba, sukarinsa ya fita daga cikin naman ɗan itacen da ke riƙe shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa shi tare da sukarin cokali. Zuma ma haka, duk da sauran amfaninta: bakteriyan baki ba sa tambayar daga ina zaƙi ya fito. Busassun 'ya'yan itace suna manne wa haƙori. Biskit da soyayyen dankalin leda suna narkewa su cushe a ramukan turame, yawu ya mayar da sitacinsu sukari a nan inda suke. Ruwan lemon tsami da wasu ke kurɓa kowace safiya don rage ƙiba, da lemon kwalba ko da marar sukari ne, su ba sa jiran bakteriya, da tsaminsu suke zuwa. Bayan irin waɗannan a kuskure baki da ruwa, a ɗan jinkirta kafin a sa buroshi, domin rufin haƙorin ya yi laushi a lokacin.

Mafi ban tausayi shi ne jaririn da aka kwantar da bulumboti a baki, cike da shayi mai zaƙi ko ruwan 'ya'yan itace. Uwa ta gaji, yaro ya yi shiru, kowa ya samu barci, ba wanda ya yi nufin cuta. Amma cikin barci yawu na raguwa ƙwarai, ruwan zaƙin ya kwanta a bayan leɓen sama. Da farko wani farin layi ne kamar alli a gindin haƙoran gaba, wanda sai an ɗaga leɓe ake gani. Sannu a hankali ya koma ruwan ƙasa, haƙoran su fara gutsurewa. Yaro ɗan shekara 3 ya ƙi abinci mai tauri, ya riƙa farkawa da kuka, a ce rigima ce. Likitocin yara a Amurka sun ba da shawara tun 2017 cewa kada a ba jaririn da bai kai shekara guda ba ruwan 'ya'yan itace, kuma ina ganin wannan magana ta fi kowane jerin abinci amfani ga sabuwar uwa.

Da zancen ya tsaya a nan, da sai a ce kowa ya gyara halinsa. Ni ban yarda a bar jaki ana dukan taiki ba. A 2015 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, ciki har da likitar haƙori Cristin Kearns, suka wallafa nazarin wasu tsofaffin takardu na masana'antar sukari ta Amurka. Takardun sun nuna cewa tun shekarun 1950 masana'antar ta san sukari na ruɓar da haƙori. Maimakon ta yarda a ce wa jama'a su rage, sai ta sa kuɗi a binciken da zai karkatar da hankali zuwa neman allurar rigakafi da sinadaran narkar da dauɗa. Da gwamnati ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da ruɓewar haƙori a 1971, fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da masana'antar ta gabatar ya shiga cikin takardar neman masu bincike. Wanda ya san wannan tarihi zai gane dalilin da ya sa nake ɗar-ɗar da duk nasihar da ke cewa "ƙara wannan" ba ta taɓa cewa "rage wancan". Irinta ba ta taɓa cinikin kowa.

A 2015 ɗin dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa, haɗe da na zuma da na ruwan 'ya'yan itace, ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, in so samu ne ma ya gaza kashi 5. Kashi 5 ɗin nan ga babban mutum wajen giram 25 ne, ƙaramin cokali 6. Gwangwani guda na lemo mai mililita 330 yakan ɗauki kusan giram 35. Yaron da ya sha ɗaya a hanyar makaranta ya wuce iyakar babba kafin a buga ƙararrawar shiga aji. Yaya za a ce wa yaron nan ya yi zaɓi nagari, alhali abin da ke gabansa, mai sanyi, mai arha, mai hoton jaruminsa a jiki, shi ne wannan?

Akwai ƙasashen da suka gwada wani abu. Meziko ta sa harajin peso 1 a kan kowace litar abin sha mai sukari a 2014. Chile ta tilasta manna baƙin tambari a gaban duk kayan da sukarinsu ya yi yawa daga 2016, ta kuma hana sayar da su a makarantu. Birtaniya ta fara karɓar nata harajin a Afrilun 2018, ta tsara shi yadda kuɗin ke hawa da yawan sukarin, sai kamfanoni da dama suka rage sukarin da kansu tun kafin ranar ta zo don su kauce wa biya. Ingila ba ta yi haka don nishaɗi ba: ruɓewar haƙori ce ta fi komai kai yara 'yan shekara 5 zuwa 9 gadon asibiti a can, inda ake sa su barci a cire musu haƙora.

Masu adawa na cewa irin wannan haraji talaka yake faɗa wa, kuma ba maganar banza ba ce. Mai kuɗi ba zai ji ƙarin ba, marar shi zai ji. Amma talakan nan shi ne wanda ba ya iya biyan cikon haƙori, shi ne yake jure ciwo har fuska ta kumbura, shi ne ɗansa ke fashin makaranta. Ya riga ya daɗe yana biyan haraji, da bakinsa. Inda zan goyi bayan masu adawar shi ne in gwamnati ta karɓi kuɗin ta zuba a aljihun da ba a san inda ya nufa ba. Harajin da zan kare shi ne wanda za a ga kuɗinsa a famfon ruwan sha mai tsabta a harabar makaranta, da madara ko ƙwai a abincin ɗalibai, da sauƙin farashin man goge baki mai fuloraid. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan man a jerin muhimman magungunan da bai kamata a rasa su ba, amma har yanzu akwai ƙasashen da ke sa masa haraji kamar kayan kwalliya. A cire masa, a mayar kan lemon kwalba. A kuma koya wa yara a aji su goge baki sau biyu a rana, na dare ya zama shi ne abu na ƙarshe da ya shiga bakin, su tofar da kumfar ba tare da sun bi ta da kuskura ba, domin fuloraid ɗin ya kwana a jikin haƙori.

Makarantu kuma suna da ikon da ba sai sun jira majalisa ba. Shugaban makaranta na iya yanke hukunci a wannan zangon cewa abin sha a harabarsa ruwa ne da madara, ciye-ciye kuma yana da lokacinsa guda, a zauna a ci a tashi. Ya kira iyaye da masu sayar da kaya a bakin ƙofa ya zauna da su, ya nemi masu sayarwar su kawo 'ya'yan itace, gyaɗa da dafaffen ƙwai, don kada a raba kowa da sana'arsa.